Kumburin Cikina da Rantsuwar Injiniya

Kafin in ba ku labarin abin da Injiniya ya yi mini, dole in fara da abin da ba na son faɗa wa kowa. Ina fama da kumburin ciki. Ku yi dariyarku, ni ma da can dariya abin yake ba ni. Ciwon ba ya kwantar da mutum, iska ce kawai take taruwa ta ƙi fita. Da safe zan tashi cikina a lafe kamar na kowace budurwa, amma in na ci abin da bai karɓe ni ba, kafin la'asar ya turo gaba ya yi tauri kamar ganga, numfashi ma sai da dabara. Wake, madara, kabeji, lemon kwalba mai gas, cingam, ko in ci abinci da sauri ina surutu, duk suna tayar mini da shi. Tun ina sakandare muka je asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce babu wani mugun abu, hanjina ne mai saurin fushi, in riƙa kula da abin da nake ci.

Daga nan Umma ta zama likitata. Da ta ga na shigo ina dafe da ciki ba ta ko tambaya. Za ta daka ɗanyar citta, ta zuba a ruwan zafi da ganyen na'a-na'a da 'yan ƙwayoyin kanumfari, ta rufe ya jiƙu, ta ce in sha da ɗuminsa, kurɓa kaɗan-kaɗan. Sai ta sa ni zagaya tsakar gida kamar mai neman allura. In ya ƙi, in kwanta a gefen hagu in naɗe gwiwoyina zuwa ƙirji, ta nannaɗe gorar ruwan ɗumi a tawul ta ɗora mini. Daga baya ta shafa man zaitun a tafinta, ta riƙa murza mini cikin a hankali, daga dama ta haura sama ta zagayo hagu. Can sai iskar ta sami hanya, ta sama ko ta ƙasa, Umma ta goge hannunta ta ce, "To, baƙin naki sun tafi, Allah ya raka taki gona." Mu yi ta dariya mu biyu.

Ban da likita, a duniya mutum uku ne suka san wannan abin. Umma, Abba, sai Injiniya.

Injiniya shi ne wanda zan aura. Aikinsa ɗora sola a kan rufin gidaje, kuma a shagon da nake aiki muka haɗu, shagon kwamfuta inda muke buga takardu da katuna. Ya zo buga takardar talla, ya dawo gyaran kuskuren da babu shi, ya sake dawowa. Umma ce ta fi kowa murna, don ta daɗe tana yi mini waƙa ɗaya. "Auta, 'ya'yan ƙannena duk suna ɗakunansu, ke kina nan kina buga wa mutane katin bikinsu." Da Injiniya ya bayyana sai ta riƙe shi hannu bibbiyu. Ko tari ya yi a ƙofar gida sai ta ce in kai masa ruwa.

Ranar da ya san sirrina muna cikin motarsa ne, ya ɗauko ni daga aiki. Na ci biskit da madara a tsaye saboda aiki ya yi yawa, ciki ya ɗaure. Na kwance bel ɗin kujera, ina ta juye-juye ina gumi. Ya tsaya a gefen titi hankalinsa a tashe, ya ce asibiti za mu. Ba yadda na iya, na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Sai ya fashe da dariya har da dukan sitiyari.

"Wai iska ce kawai? Ni na zata zuciya ce."

"Ka gama dariyar ka kai ni gida."

Bai kai ni gida ba sai da ya tsaya wurin mai kayan miya ya sayo citta cike da leda. Tun ranar ya sa mini suna Sarauniyar Citta. Da rana saƙonsa zai shigo: "Ranki ya daɗe, yau baƙin sun zo?" In ce masa sun zo da kayansu. Ya ce, "Ki tashi daga kan kujerar nan ki zagaya shago, umarni ne daga mijinki na gobe." Har ƙaramin filas ya saya ya ajiye a motarsa saboda ni. Ku faɗa mini, wace mace ce ba za ta saki jiki da irin wannan ba?

Sai Mamarsa ta aiko tana son in je mu ci abincin rana, ta gan ni sosai kafin manya su tsayar da rana.

Umma ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ni na ciro doguwar rigata mai faɗi, ruwan toka, wadda nake sakewa a ciki. Umma ta karɓe ta jefa kan gado.

"Wannan buhun za ki sa? Su ce ba ki da fasali?"

Ta ɗauko rigata ruwan zuma wadda tela ya kama mini a ƙugu, mai ƙananan duwatsu a wuya, ta haɗa mini da mayafi mara nauyi da takalmi mai ɗan tsini. Tana ɗaura mini agogo tana karanta mini doka.

"Duk abin da aka ajiye miki ki ci. Kar ki ce ba kya cin kaza, ba kya shan kaza. Uwar miji ba ta son yarinya mai tsirfa."

"Umma, in aka ba ni wake fa?"

"Ki ci. Rana ɗaya ce, in kin dawo ga citta nan."

Falon Mamarsa babba ne, labule mai nauyi, kujeru ruwan goro da aka lulluɓe hannuwansu da farin ƙyalle, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Mama doguwa ce mai tabarau, ba ta cika magana ba, kallo take yi. Ga yayarsa mace a gefe tana danna waya, ga Goggonsa, ƙanwar mahaifinsa, wadda bakinta bai huta ba tun da na shigo. Injiniya ya zauna can kusa da ƙofa yana yi mini murmushi.

Aka buɗe kuloli. Shinkafa da wake. Kabeji an yanka an kwaɓa da kirim. Ga lemon kwalba mai sanyi yana hayaƙi, ga kindirmon roba an jera. Kamar wani ne ya zauna ya tattaro maƙiyana a tire ɗaya. Na ɗaga ido na kalli Injiniya. Ya ga abin da na gani, ya danne dariya, ya mayar da kansa kan farantinsa.

Mama da kanta ta zuba mini, ta ƙara. Goggo ta buɗe lemon ta tura gabana.

"Ci mana, 'yata. Amaryarmu ba ta jin kunyar abinci."

Na ci. Na sha. Ina amsa tambayoyi ina haɗiya, ainihin abin da likita ya hana.

Ba mu gama hira ba na ji ya fara. Da farko ƙugi, sai ɗinkin rigar ya fara cin naman ƙuguna. Na ja mayafi na rufe, mayafin kuwa shara-shara ne, ba abin da ya ɓoye. Gumi ya tsattsafo mini duk da sanyin ɗakin. Wata gyatsa ta taso ta tsaya a ƙirjina, zuciyata ta fara tashi. Na nemi a nuna mini banɗaki.

A ɗan lungun da ke bayan falon na tsaya, na jingina da bango, hannu ɗaya a baya, ɗaya ina shafa cikin yadda Umma take yi. Ina lumshe ido ina addu'ar iskar ta motsa. Da na buɗe ido, yayarsa tana tsaye da tire a hannu, idonta a kan cikina.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Ko kuna da citta? Zuciyata ce take ɗan tashi."

Ta daɗe tana kallona kafin ta ce babu. Ta wuce.

A hanyar gida Injiniya yana tuƙi yana tsokanata, wai baƙin sun zo gaida surukarsu. Na yi dariya duk da azabar da nake ji. Na ce masa ya yi wa Mama bayani in ta lura da wani abu. Ya ce, "Kar ki damu, ki bar mini." A gida Umma ta yi aikinta, baƙi suka tafi, na ɗauka shi ke nan.

Bayan 'yan kwanaki saƙonninsa suka fara gajarta. In rubuta masa layi biyar, ya amsa da "To." In kira, ya ce yana kan rufi. Sarauniyar Citta ta ɓace daga bakinsa. Na ce wa raina aiki ne.

Ranar da ba na zuwa shago, da hantsi, ina ɗakina ina guga, na ji sallamar Goggonsa. Abba ba ya nan, direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. Umma ta shimfiɗa mata darduma a falo, ta kawo ruwa. Na kashe dutsen guga zan fito gaisuwa, sai na ji ta rage murya. Na tsaya a bayan labule.

"Wato, 'yar'uwa, maganar ba ta da daɗin faɗa, amma gara a yi ta tsakaninmu mata. Ranar da yarinyar nan ta je, an ga abin da aka gani. Ciki a gaba, ga tashin zuciya, har tana neman citta. Mu ba yara ba ne."

Goggo ta ci gaba.

"Mahaifiyarsa ta ce kafin a yi maganar rana, a kai ta asibiti a auna. Asibitin da mu za mu zaɓa. In babu komai, ai shi ke nan, ba wanda ya ji."

Na jira Umma ta yi dariya. Wallahi dariyarta nake jira, ta ce wa matar nan ta zo ta ga turmin da take daka citta. Sai na ji ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Shi yaron me ya ce?"

"Shi ai an tsare shi a gaban uwarsa. Ya rantse da Allah bai taɓa ta ba, ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Ya ce in ma akwai wani abu, to ba daga gare shi ba ne."

Masu karatu, ku sake karanta wannan. An tambaye shi, ya wanke kansa tas, ya bar ni a tsaye ni kaɗai. Mutumin da ya ajiye filas a motarsa saboda cikina.

Na zame na zauna a ƙasa, bayana jikin bango. Ban san lokacin da Goggo ta tafi ba. Na dai ga ƙafafun Umma a gabana. Ta shigo ta mayar da ƙofa, ta zauna a bakin gado. Ba fuskata take kallo ba. Cikina take kallo.

"Auta."

"Na'am."

"Ni uwarki ce. Duk abin da ya faru, ni ya kamata in fara sani. Ki faɗa mini gaskiya."

"Wace gaskiya, Umma?"

"Kullum kina shago, kina dawowa da yamma. Ban san wa yake shiga wa yake fita ba."

"Umma, hannunki ne yake murza cikin nan. Ranar da na dawo daga gidansu ke kika murza shi har ya sauka. A gabanki ya sauka."

Ta kawar da kai. "Na sani. Amma mutane ba za su tashi haka kawai su aiko da irin wannan magana ba. Ki je a yi awon, bakin kowa ya mutu. Kar ki bari wannan ma ya kuɓuce mana."

Wannan ma. Ashe abin da yake gabanta ke nan. Ban yi kuka a lokacin ba, kukan ya ƙi zuwa. Na ɗauki wayata na rubuta masa: "Ka zo shago gobe da rana. In ba ka zo ba zan zo inda kake aiki." Alamar ya karanta ta fito nan take. Amsar ba ta zo ba sai da yamma: "To."

Ya zo. Ya ajiye motar a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban shagonmu, bai fito ba. Na ce wa mai shagon zan ɗan fita, na je na tsaya a gefen tagarsa. Ya buɗe mini ƙofa, na ƙi shiga. Yana sanye da rigar aikinsa mai aljihuna, idanunsa sun faɗa, yana ta murza makulli.

"Ka faɗa musu ina da kumburin ciki?"

"Ki shigo mana mu yi magana, rana tana dukanki."

"Ka faɗa musu?"

Ya sauke numfashi. "Ba ki san Mama ba. Yayana ya auri mace mai yawan laulayi, har yau Mama ba ta daina maganar ba. Ta sha faɗa mini ba za ta sake karɓar mai ciwo a gidanta ba. In na ce kina da wani ciwo tun kina yarinya, shi ke nan, an rufe maganar. Shi kuwa wannan, awo ɗaya ne, takarda ta fito, a wuce wurin."

"Wato ka zauna ka auna. Ka ga gara a ce ina da cikin shege da a ce ina da iska a ciki."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ka rantse ba ka taɓa ni ba."

"Ai gaskiya ce na faɗa."

"Gaskiya ce. Sai ka ƙara da cewa in akwai wani abu ba daga gare ka ba ne. Daga wa ke nan? Wa ka bar musu su zata?"

Ya mayar da idonsa kan sitiyari. Wani mai babur ya wuce yana kallonmu.

"Sun taru a kaina ne, ga Mama, ga Goggo, ga Yaya. Na ruɗe. Ni na san ba ki da komai, ai shi ya sa hankalina yake kwance."

"Naka hankalin yana kwance. Goggonka kuwa tun daga gidanku har gidanmu ka san gida nawa ta tsaya shan ruwa?"

"Zan gyara, ki ba ni lokaci. Ki dai yi awon don Allah. Don ni."

Na kalle shi sosai. Fuskar nan ce dai, gemun nan da nake tsokanarsa a kai, ƙaramin tabon da ke goshinsa. Babu abin da ya canza, amma ji na yi kamar yau na fara ganinsa. Na juya na koma shago. Akwai katin bikin wasu a kan allon kwamfutata, na zauna na ƙarasa musu, na gyara furen da ya karkace.

Ban ci komai ba ranar, amma kafin in tashi cikin ya ɗaure tam. Likita ya taɓa faɗa mini ɓacin rai ma yana tayar da shi. Na tafi gida a ƙasa, ina tafiya a hankali ko zai sassauta.

Ina shan kwanar layinmu na hango babbar motar Abba a fake, ƙura har kan gilashi.

Yana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ko takalmi bai gama cirewa ba, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Umma tana tsaye a ƙofar kicin, idonta ja. Ta riga ta faɗa masa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Matso nan."

Na matsa. Ya dubi yadda nake dafe da ciki.

"Ya tashi ne?"

"Ya tashi, Abba."

Ya juya wajen Umma. "Ki ɗora mata ruwan zafi." Bai tambaye ni komai ba bayan wannan. A nan ne kukan da ya ƙi zuwa tun jiya ya ɓalle, na kifa kaina a gwiwarsa kamar ƙaramar yarinya. Ya bar ni na yi mai isata.

Umma ta kawo kofin ta ajiye a gabana, ta ɗan tsaya kamar za ta dafa ni. Na janye kafaɗata. Ban yi niyya ba, jikina ne ya yi da kansa. Ta koma inda take.

"Babu wanda zai ɗauki 'yata ya kai ta awo kamar akuyar kasuwa," in ji Abba. "Amma ke za a aura, ba ni ba. Me kike so a yi?"

Na share fuskata da gefen mayafi.

"Zan je awon, Abba. Kai za ka kai ni, asibitin da muka saba zuwa."

"Don yaron?"

"A'a. Shi ya san gaskiya tun farko. Don Umma zan yi, ita ce take shakka."

Umma ta toshe bakinta da hannu, ta juya ta fuskanci bango. Abba ya sunkuyar da kai.

Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Abba ya saka takalminsa ya je ya buɗe. Daga inda nake durƙushe na hango doguwar mace da tabarau, jakarta a maƙale a hannu. Mama ce, ita kaɗai, babu Goggo, babu ɗanta, babu ko direba a bayanta.

Ta amsa gaisuwar Abba a taƙaice, ta leƙo ta saman kafaɗarsa har idonta ya sauka a kaina.

"Ka yi haƙuri, Malam, ba wurinku na zo ba," ta ce. "Ɗana ya shigo mini ɗazu yana kuka, ya faɗi wata magana. Ina so in ji ta daga bakin yarinyar, mu biyu, a rufe ƙofa."